Bakin da Ya Cinye Burtali

Ban taɓa fasa shagon kowa ba, ban taɓa zura hannu a aljihun kowa ba. Da baki na yi sata, kuma satar tawa ta ci ran mutum. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji samarin garinmu suna ba da labarina suna dariya, wai na iya wayo. Wayon banza. Ku zauna ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure. Mahaifina manomi ne, kuma ni kaɗai ya sa a boko cikin 'ya'yansa. Na gama sakandare a farkon shekarun tamanin, na dawo gida babu aiki, sai Turanci fal baki da girman kai.

A lokacin noman rani ya kankama. Ruwan Tiga ya cika magudanai, kowa ya haukace da tumatir. An sare itatuwa, an nome makiyaya, ba abin da ya rage wa Fulani sai burtali guda, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Sai gwamnati ta ba wata jami'a kuɗi ta turo malamai su wayar da kan mutane, a dasa itatuwa gefe da gefen burtalin, a kafa turakun siminti don kada gona ta ƙara cinsa. Shugaban aikin wani Dakta ne mutumin kudu, mai son aikinsa, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Aka ɗauke ni tafinta.

Satata ta farko ƙarama ce. A wani taro wani tsoho ya yi doguwar tambaya, rana ta take, na gaji, sai na guntule maganarsa. Ba wanda ya gane. Ranar na fahimci cewa mutum ɗari na zaune, Dakta na tsaye, amma duk abin da zai tsallaka tsakaninsu sai ya bi ta bakina. Mako na gaba Dakta ya ce dashen gawo da darbejiya kyauta ne. Na faɗa yadda ya faɗa, na ƙara da cewa wanda ya ga tafinta shi za a fara ba. Kafin la'asar an kai kaji uku gidanmu.

Daga nan wani Alhaji mai gonar tumatir a bakin burtalin ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, turakun nan ai ba da ƙafarsu suka zo ba, mutum ne ya kafa su. Taku goma kawai nake so." Ya haɗa ni da sabon babur. Da rana tsaka na ɗebi leburorin aiki muka tumɓuke turakun muka matsar da su, na ce sabon awo ne daga sama. Wa zai musa? Ni ne bakin gwamnati. Maƙwabtansa suka biyo layi. Cikin rani biyu, hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma ta jaki, a wajen wani kwalbati kuma ta toshe ɗungum. In Dakta ya zo zagaye, sai in kai shi can farkon burtalin inda dashe ya yi kyau, ya ɗauki hoto ya koma.

Shugaban Fulanin wurin shi ne Arɗo Buba, aminin mahaifina. Tun ina ƙarami man shanun rugarsa muke ci. A shekarar da aka yi fari, rijiyoyi suka ƙafe, ya zo taro ya miƙe tsaye a gaban Dakta, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka faɗa masa an toshe mana hanyar ruwa. Shanu na faɗuwa. In ba a buɗe ba za su shiga gonar mutane, mu kuma ba ma son fitina."

Na juya na ce wa Dakta da Turanci Arɗo yana godiya ga gwamnati saboda itatuwa.

Dakta ya yi murmushi, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Arɗo ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce ku yi haƙuri, Baffa, mako mai zuwa za a buɗe." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na amsa da amin. Har yau in na tuna wannan amin ɗin ji nake kamar in tsinke harshena.

Kwana goma suka jira. Shanu ba su san haƙuri ba, suka ji ƙanshin ruwa suka keta cikin tumatirin Alhaji. Leburorinsa suka fito da sanduna da adduna. Sambo, ƙanen Arɗo, ya shiga tsakani don ya koro shanun, aka sare shi a wuya. Ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Da aka zo bincike, Arɗo ya rantse ya yi gargaɗi, Dakta ya rantse bai taɓa ji ba. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Akwai wata rikoda da Dakta ke ajiyewa a kan tebur duk taro, ni na zaci ado ne kawai na 'yan boko, ashe tana naɗar maganarmu. A kotu aka sa kaset ɗin. Muryar Arɗo ta fito tana roƙo, tawa ta biyo baya tana godiya, aka sa wani ya fassara. Ban iya ɗaga kai ba. Aka ba ni shekara biyar.

Alhaji ya ce shi bai san komai ba, ma'aikacin gwamnati ne ya auna masa. Ya koma gonarsa, ya ƙara mata faɗi. Wannan yana ƙona min rai, amma ba ya wanke ni. Gwamnati ta janye kuɗin, Dakta ya tattara ya tafi, aka yi girki da itatuwan da muka dasa. Mahaifina bai taka kotu ba, kuma ina ɗaure ya rasu.

A kurkuku akwai wani ɓarawon shanu a ɗakinmu. Da ya ji laifina ya tofar da yawu ya ce, "Ni saniya ɗaya na sata. Kai ka sace wa dukkansu hanya." Ya ɗauke tabarmarsa daga kusa da tawa. A nan na fara sallah da gaske, na tuba.

Da na fito na nemi Arɗo wata da watanni. Rugar ta watse, wurin ya zama shinkafa. A kasuwar shanu ta Wudil na same shi, ya tsufa, yana riƙe wa wani dillali igiya. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya ce, "Na ji abin da ka ce. Abin da kake nufi ne ban sani ba, kuma ba ni da wanda zai fassara mini kai." Ya juya ga saniyar da ba tasa ba. Can ya ƙara da cewa, "Yafiyar ma ba a hannuna take ba. Tana wurin marayun Sambo, su kuma sun yi kudu."

Ku da kuka yi karatu, da ku nake. Wata rana za ku tsaya tsakanin mai iko da wanda bai iya yarensa ba, a asibiti ko a ofis ko a kan takardar gona. Ku faɗi abin da aka faɗa, kada ku rage, kada ku ƙara, ko kaza aka ba ku ko mota. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini. 'Ya'yan Sambo kuwa har yanzu ina cigiyarsu duk kasuwar da na ga Bafulatani, kuma ban same su ba.