Hannu-a-Aljihu da Amfilifayar Abba

A bakin Umma na fara jin sunan, ranar da ta ga yayana tsaye da hannu cikin wando alhali tana ta sauke kaya ita kaɗai. "Kai ma ka zama Hannu-a-Aljihu ne?" Na ɗauka faɗa ne kawai irin na iyaye. Sai da na girma na san mutum ne mai rai, mai gyaran rediyo a bayan tashar mota, kuma aminin Abba tun samartaka, kafin su daina ko gaisawa.

Abba makaɗin jita ne a da. Yana da tsohuwar amfilifaya mai ƙara sautin jitar, akwati mai nauyin buhun siminti, da wasu kwalabe a cikinta masu yin ja idan sun ɗumama. Bayan ciwo ya kwantar da shi, yatsunsa sun daina jin maganarsa, wata safiya ya ce in jawo ta daga ƙarƙashin gado. Ba kiɗa yake nema ba. Gunjin nan da take yi kafin a taɓa tsirkiya, shi yake so ya sake ji. Na sa filogi, na danna makunni. Ko ƙyas.

"Kai masa," in ji Abba. Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba.

Shagon ɗan tsukut ne, yana warin dalma da ƙura. Matattun rediyoyi jere har rufi, a can sama kuma wata amfilifaya lulluɓe da tsumma. Tsohon na zaune, tabarau ɗaure da zare. Akwatin ya fara kallo kafin ya kalle ni.

"Ke 'yar Sarkin Gaggawa ce. Hancin nan ba ya ɓuya. Me ya sake yi mata?"

"Ba ta kamawa, Baba. Shi kuma yana kwance."

Sai ya tura hannun hagu cikin aljihu, ya kama aiki da dama kaɗai. Na san abin da mutane ke faɗa, wai girman kai ne, wai ya raina aikin da ke ciyar da shi. Bai yi saurin buɗe ta ba. Soket ɗinsa ya fara gwadawa da fitila. Ya bi igiyar wutar da yatsa daga filogi har gindi, ya ɗora mitar gwajin wuta a kan makunni. Duk lafiya. Da ya murɗo fiyus, sai na ga kafaɗarsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko wani abu. An naɗe fiyus ɗin da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari.

"Hali zanen dutse! Kin ga wannan ɗan abin? Mai gadi ne. Idan wuta ta yi yawa, shi zai mutu don a tsira. Ubanki kuwa ba ya jure a tsaya ana tsakiyar wasa, sai ya naɗe shi ya ci gaba da kiɗa. A kan haka muka ɓata. Ta ƙone, ya tsaya a bainar jama'a ya ce aikina ne bai yi ba."

Ya kwance bayanta, ya kai hanci ya shinshina. Tiransifoma ta ƙone, in ji shi, kuma irinta an daina sayarwa tun ina ciki. Na miƙa hannu zan taɓa wata kwalba, ya daka min tsawar da har yau nake ji.

"Ai na cire filogin, Baba."

"Shi ma haka ya ce."

Ƙaninsa yake nufi, wanda suka buɗe shagon tare. Irin waɗannan akwatuna suna riƙe wuta a ciki ko an raba su da soket. Ƙanin ya zura hannu biyu, wutar ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗayan, ta bi ta ƙirji. Tun daga ranar hannun tsohon na hagu ya koma aljihu, don kada wuta ta sami hanya. Ya bar gari yana yi masa laƙabi, bai taɓa yi wa kowa bayani ba. Amfilifayar da ke lulluɓe a sama, ita ce ta kashe ƙanin.

Ya sa na taya shi sauko da ita. Tiransifomarta lafiya lau take, ita zai sa wa ta Abba.

Aikin bai yi sauri ba. Idonsa ya yi rauni, ga aiki da hannu ɗaya, kowace waya sai ya liƙa ya sake dubawa. Kullum na dawo Abba zai juyo da kai ya ce, "Ta kama?" In ce saura kaɗan. Sau ɗaya ya ƙara da cewa, "Ya ga fiyus ɗin?" Na ce ya gani. Ya rufe ido yana murmushi. "Tsohon banza. Zai ce na sake."

Ranar da ta kama, tsohon da kansa ya ɗauko ta a baro, yana turawa yana hutawa. A ƙofar gidanmu ya tarar da takalma sun yi yawa. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya ajiye baron, ya zauna a dakali, ya zaro hannun nan daga aljihu ya haɗa da ɗayan ya rufe fuska. Umma ta leƙo ta gan shi. Ban sake jin ta kira wani da sunan ba.

Da mutane suka ragu ya shigar da ita ɗakin Abba ya kunna. Kwalaben suka yi ja a hankali, gunjin ya cika ɗakin, gado kuwa babu kowa.

Shi ma bai kai damina ta gaba ba. Shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki. Amma ranar, yana naɗe igiyar wutar zai tafi, ya ce da ni:

"'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Zama ne ke kashe su. Ki riƙa kunna ta lokaci-lokaci, ki bar ta ta yi ɗumi, ko ba mai kiɗa. In kuma fiyus ya mutu, ki ƙyale shi ya mutu."