Shatu Zabiya da Sarakunan da Ta Tsallake

Duk wanda ya san Gidan Kabo, ƙauyen Kiristocin nan na bayan Dutsi, ya san Shatu Zabiya. In bai gan ta ba, ya ji ta. Gajera ce kamar turmi, amma in ta saki murya har awakin Mashi sai sun ɗaga kai. A gidan roƙo aka haife ta. Uwarta zabiyar dagaci ce, tun tana goye take jin yadda ake jero kakannin mai sarauta. Ƙa'idar sana'ar kuwa sananniya ce: wanda aka tuɓe, ko wanda ya yi abin kunya, ba a kiran sunansa. A tsallake shi, a haɗa kaka da jika, kowa ya yi kamar bai lura ba.

Ta auri Auta mai gyaran keke, ta bi shi coci, suka yi shekara talatin da ɗaya, har ya rasu ba ta taɓa barinsa ya ƙarasa magana ba. Roƙo dai ta bari, amma bakin bai yi ritaya ba. Shekara ashirin da biyu ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, saura su amsa.

Bara aka sa taron zumunta a Daura, aka ce za a yi gasa, kowace coci ta kawo waƙa kan alkawarin da Allah ya yi wa Sarki Dauda, cewa sarauta ba za ta bar gidansa ba. Shatu ba ta karatu, sai ta sa aka karanta mata jerin sarakunan gidan Dauda, kakannin Yesu Almasihu, ta tambayi halin kowa, ta zauna ta tsince su kamar shinkafa.

Ranar gwaji, Rahmatu matar fasto, shugabar zumunta, tana bin jerin da yatsa. Shatu na direwa Rahmatu ta ɗago kai.

"Inna Shatu, ina Ahaz?"

"Wanda ya ƙona ɗansa? Ya tafi kasuwa."

"Manassa fa?"

"Mai kai gunki ɗakin Allah? Ya raka shi."

"Yekoniya?"

"Ke yarinya, wanda aka tuɓe aka tasa ƙeyarsa Babila? A gaban baƙi zan tona wa Almasihu asirin danginsa? Ku 'yan boko ba ku san sutura ba."

Rahmatu ta ce, "To Inna, in ba su dawo ba kafin Asabar, Ikilima 'yar amshinki za ta ba da waƙa."

Ikilima! Mai murya kamar ƙofar langalanga. Shatu ta suri takalmi sai gidan Fasto Ɗantsoho, za ta kai ƙarar matarsa. Ta same shi yana ɓarar gyaɗa, ya bar ta sai da ta zazzage tas.

Sannan ya ce, "Inna, in dagaci ya ɓata, me ake yi?"

"A tuɓe shi mana. In abin ya yi muni a kai sarautar wani gida."

"To Allah ya gaya wa Dauda in 'ya'yansa sun yi laifi zai hore su, amma ba zai janye maganarsa ba. In kika cire miyagun, sai a zaci kirkin gidan ne ya riƙe sarautar har ta iso ga Yesu. Alhali mai alkawarin ne ya riƙe ta."

Shatu ta kalli Fasto sama da ƙasa. Can ta ce, "Ashe kirarin ba na sarakunan ba ne. To da ka faɗi haka tun farko, ba ka turo mini matarka da yatsa ba." Ta damƙi gyaɗa ta yi gaba.

Ran Asabar a Daura ta tsaya gaban mata sun fi ɗari biyar. Ta kira Dauda, ta kira Sulemanu, ana buga tulun kiɗa. Da ta zo kan Ahaz, ta kira shi da laifinsa ƙiri-ƙiri, matan Gidan Kabo suka amsa, "Alkawari bai karye ba!" Manassa ma ta fallasa shi tas, aka kwashe da dariya, aka amsa. A kan Yekoniya ta sa aka tsai da tulu. Ta sassauta murya, ta faɗi yadda aka tafi da sarki bauta, gadon sarauta ya zama kango. Daga nan ta riƙa hawa, suna bayan suna, talakawan da ba su taɓa ɗaura rawani ba, har kafinta Yusufu, mijin uwar Yesu, sai ta ɓarke:

"Ga ɗan Dauda! Ga Sarkin da ba a tuɓewa!"

Guɗa ta tashi ta ko'ina, har da coci-cocin da suka zo neman kayar da su. Sau uku aka sa ta maimaita, na ukun alƙalan gasar ma a tsaye suke suna amshi. Gidan Kabo ta zo ta ɗaya.

Da za a koma gida, Shatu ta buɗe gaban mota ta hakimce. Fasto ya hau baya, yana rungume da tulu.