Mutumin da Bai Amsa Sallamar Inna Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya jera haƙora a bakin bawanSa, Ya buɗe masa hanyar numfashi a bayansu tun bawan bai san roƙo ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙarshen watan nan ne ma'aikaciyar jinyar da ake kira Inna Mai Gaisuwa za ta ajiye farar rigarta, bayan shekara talatin da ɗaya a sashen haƙori na ƙaramin asibitin unguwa. Ba likita ba ce. Ita ce mai dafa kayan aiki, mai miƙa auduga, mai riƙe kan wanda ake cire wa haƙori. Kullum takan riga likita isowa da sa'a guda. Ta kunna tukunyar dafa ƙarafa, ta goge kujera, sannan ta fito baranda, inda masu ciwo ke jere a kan benci, kowa da katinsa da lambarsa, kowa ya tallafe kunci. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sallama, kuma ba ta gusawa sai mutum ya amsa da bakinsa. Wanda ya ɗaga mata hannu kawai, takan ce masa ba hannunsa ta gaisar ba.

Da yawa sun ɗauka son surutu ne, abokan aikinta ma da zolaya suka laƙaba mata sunan. Kaɗan ne suka san kunnenta ne ke aiki. A cikin amsar take rarrabe wanda ciwonsa zai iya jira da wanda nasa ya bar haƙori ya gangara wuya.

Wata safiya ta kai ƙarshen benci, wajen mai lamba ashirin da bakwai, wani makaniki da baƙin mai a faratansa. Ya sunkuya, ya toshe baki da tsumma. Ta yi masa sallama. Ya ɗago ido ya motsa leɓe, abin da ya fito kuwa ba magana ba ce, kamar mai ɗauke da loma mai zafi a baki. Wansa da ke gefe ya amsa a madadinsa, ya ce a yi masa uzuri, mako guda ke nan matauninsa na ƙasa yana ciwo. Abokan aikinsa a gareji sun ɗiga masa ruwan batir a kogon haƙorin, kamar yadda suka saba yi wa junansu, ciwon ya lafa kwana biyu har aka ce an dace, sai kuma kumburi ya biyo baya.

Inna ta janye tsumman. Ya jiƙe sharkaf da yawu. Ta ce masa ya haɗiya, ya kasa. Ta taɓa ƙarƙashin haɓarsa, ta ji shi tauri kamar katako daga kunne zuwa kunne, harshensa kuma ya tasa sama yana neman ganɗa. Ta taɓa ganin irin wannan sau ɗaya, a farkon aikinta, kuma wancan bawan Allah bai kai azahar ba.

Ta kama hannunsa ta tashe shi. Nan take benci ya ɗauki gunaguni. Wani tela mai lamba ɗaya, wanda ya zo tun da sassafe, ya miƙe yana kaɗa katinsa, ya ce ashe layin ma na masu uwa a ciki ne.

"Naka haƙori ne, Malam," in ji Inna. "Nasa numfashi ne."

Tela ya dubi makanikin sau ɗaya, ya koma ya zauna.

Wan ya roƙe ta a cire haƙorin kawai su koma, akwai motar mutane da suka bari a buɗe. Ta gaya masa a fili cewa maganar cirewa ta wuce, kumburin yana rufe maƙogwaron ƙanensa, kuma babu abin da ɗakin nan ke da shi da zai buɗe shi. Ta kira likita a waya, yana hanya. Da ya ji bayaninta bai tsaya tambaya ba, ya ce kada ta jira shi, ta wuce da mutumin babban asibiti, shi zai kira masu tiyata su shirya. Motar marasa lafiya ta fita da wata mai naƙuda. Sai tsohuwar motar wan.

Wan, saboda tausayi, ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa a kujerar baya, ya fara kwantar da ƙanen. Inna ta riƙe kafaɗarsa.

"Yaya, kada ka kwantar da shi. In bayansa ya taɓa kujerar nan, harshensa zai toshe masa hanya, kuma ba ni da abin da zan buɗe ta."

Ta zaunar da shi a miƙe, ya ɗan karkato gaba, ta tara masa ƙaramin kwano a ƙarƙashin baki. Suka kama hanya. Tana ƙirga numfashinsa a zuci tana haɗawa da salati. A mararrabar kasuwa motoci suka cushe. A nan ne numfashin ya fara fita da wata siririyar ƙara, kamar iska a tsagar ƙofa, leɓensa kuma suka soma sauya launi. Wan ya waiwayo daga kan sitiyari yana kiran sunan Allah. Ta ce masa ya dubi gabansa, na baya nata ne. Makanikin ya damƙe hannunta har zobenta ya shige nama. Ta leƙa ta taga ta yi wa ɗan sandan da ke ba da hannu magana a taƙaice. Ya leƙo, ya ga abin da ya gani, ya tsayar da hanya uku ya buɗe musu ɗaya.

A ƙofar babban asibiti an fito musu da gado. Ta ce a'a, a kawo kujera mai taya. A zaune aka tura shi, ƙofar ɗakin tiyata ta rufe, aka bar ta tsaye da kwano a hannu. Daga baya likitan da ya yi aikin ya shaida cewa da an ƙara rabin sa'a, da sai dai a yi wa iyalinsa ta'aziyya.

Ba ta jira godiya ba. Ta koma bakin aikinta, ta tarar da tela yana nan, ta sake yi masa sallama. Ya ce ai ya amsa ɗazu. Ta ce ta ɗazu ta tsufa.

Bayan kwana goma sha biyu, tana bin benci kamar kullum, sai ta ga mutum tsaye a ƙarshensa, da ɗinki a ƙarƙashin haɓa. Kafin ta buɗe baki ya riga ta, da murya a dishe amma kowane harafi a fili:

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Inna. Amsar ta ranar nan ce."



Inna, ke ce kika ɗauki sallama, wadda mafi yawanmu ke jefawa a kan hanya ba tare da jiran amsa ba, kika tsaya kika saurare ta shekara talatin da ɗaya. Ke ce kunnen baranda, uwar marasa magana. Mun gode. Matasan da za su gaje ki, su koyi fitowa su dubi benci kafin su dubi takarda. Mai ciwon haƙori kuma ya bar ruwan batir a cikin batir, in ya ga kumburi ya sauka wuya ko haɗiya ta gagara, ya nufi asibiti a wannan sa'ar, kuma a zaune.

Allah Ya sa hutunki ya zama mai albarka. Ya jiƙan iyayenki da malaman da suka koya miki, Ya jiƙan wancan bawan da bai kai azahar ba, wanda ba ki daina yi wa addu'a ba. Mai karatu kuma, Allah Ya tsare masa numfashinsa, Ya sa na ƙarshe ya fita da kalmar shahada. Amin.