Surfen Dawa a Bayan Labule

Turmin Inna ya iso Khartum a kan bas, ɗaure da igiya tsakanin buhunan gawayi. Ina shekarata ta biyu a jami'a a lokacin, na je tarbarsu a tasha. Wasu masu tattara waƙoƙin gargajiya ne suka bi ƙauyukan bakin kogi, suka ji Inna da Goggo, ƙanwar Baba, suna lugude a garinmu kusa da Sinja, shi ne suka gayyace su wasa a wani babban zaure na birni.

Waƙar surfen Inna doguwa ce, kuma aikin take bi. Akwai baitin zuba ruwa, akwai na lokacin da dawa ta fara laushi. Na ƙarshe kuwa na kakarta ne, wadda ta taso daga yamma da ƙafa za ta Makka, ta ga kogin nan ta sauke kaya. Ba a rera shi sai dusa ta saki. Ni ban taɓa jin sa ba, don tun ina ƙarama da an ɗauko taɓarya nake sulalewa da littafina.

Tana saukowa daga bas ta gyara mayafi, ta dube ni sama da ƙasa. "Tunda kin ƙi tsayawa ki ji shi gida, ɗiyata, na kawo miki shi birninku. Yau kam sai kin ji."

Zauren yana bakin kogi, ga sanyi, ga kujeru jajaye jere har ido ya gaji. Mai shirya wasan, wani dogo mai yawan duba agogo, ya ce in gaya musu minti biyar gare su, kuma turmi babu komai za su daka, a dai yi kamar ana yi. Da na fassara, Goggo ta riƙe baki.

"Turmi wayam? Shi wanga yunwa shika kira muna?" in ji Inna. "Hwaɗa mishi mun taho da dawarmu."

Mutumin ya yi dariya ya amsa da Larabci, "Tamam, Hajja," wato shi ke nan, ya ɗaga mata yatsu biyar. Inna ta gyaɗa kai cikin mutunci. Ni na san a duniya ba ta taɓa auna surfe da agogo ba.

Bayan la'asar aka buɗe labule. Ina zaune a tsakiya da ƙawayena biyu 'yan birni, waɗanda na gaya wa cewa masu wasan mutanen garinmu ne, ban ƙara da komai ba. Fitila ta sauka a kan turmin, wannan dai turmin da kaji ke hawa a tsakar gidanmu, sai ga shi ya yi kwarjini. Inna ta yayyafa ruwa, ta yi bismilla. Taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Goggo ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe. Da muryar Inna ta fito ta lasifika, sai na ji zauren ya yi nisa. Na ga inuwar bishiyar gidanmu ta rufe jajayen kujerun, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar dawa, har da kukan injin ban-ruwa can bakin gona. Ban san Hausa tana iya cika wuri mai girma haka ba. Na so in miƙe in ce uwata ce.

Sai dogon nan ya leƙo daga gefe yana kaɗa hannu. Goggo ta ɗauka jinjina yake yi musu, ta ƙara wa taɓarya wuta. Ya nuna agogo, Inna ta yi masa murmushi. Ko rabin aikin ba su kai ba aka ja labule, aka kashe musu lasifika, jama'a suka tafa. Wasu samari masu ganguna da jita suka fito gaban labulen suka kama nasu.

Amma dakan bai tsaya ba. Ta ƙarƙashin kiɗan samarin ina jin sa a tafin ƙafata, dum, dum, yana bin katakon daɓe. Ga ƙofar gefe can ina hangen ta, miƙewa kawai zan yi in kai gare su. Ƙawata ta taɓa ni tana share hawayen dariya, ta ce da Larabci, "Wallahi har yanzu suna yi!" Na yi dariya ni ma, na gyara zama. Kunya ce ta riƙe ni, ba wani abu ba. Ina nan zaune har dakan ya yi sanyi, ya ɗauke.

Da aka tashi na zagaya baya. Na tarar Goggo tana bakace da faifai, masu shara sun kewaye ta suna kallo. Inna na zaune a kan akwatin kayan wasa, gumi ya jiƙa mata wuya, fuskarta fes.

Na ce, "Inna, sun rufe ku."

"Labulen nan zane na kawai," ta ce. "Gida ma ta bayan zana maƙwabta ka jiyo ni. Kuma na ɗaga murya sosai, don na san kina can tsakiya." Ta kamo hannuna, tafinta da zafin taɓarya. "Kin ji shi dai, ko? Har inda kakata ta sauke kaya?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta saki ajiyar zuciya, ta ce to alhamdulillahi, ta fita haƙƙina. Daga baya injin niƙa ya shigo garinmu, hannunta kuma ya daina ɗaukar taɓarya. Sau da yawa na buɗe baki in roƙe ta ta rera mini baitin haka nan, babu turmi, sai in tuna ai na riga na ce na ji.