Shafi Ɗaya na Malam Ɗahiru

Kullum da hantsi Malam Ɗahiru kan buɗe shagonsa a Gyadi-Gyadi, ya yaye atamfar da yake lulluɓe kwamfutocinsa uku, ya zauna jiran a kawo wuta. Tun shekarar da soja suka koma bariki yake haka. Tsohon mai buga tafireta ne a sakatariya. Da farar hula suka yi alkawarin kwamfuta a kowace makaranta, sai ya je ya sayi tasa, don ya san halin alkawari.

Sana'arsa cike wa ɗalibai fom ɗin jami'a. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta kore masa rabin kasuwa: kafin ya taɓa fom ɗinka, zai miƙo maka shafi ɗaya na Turanci, ka karanta, ka kife, ka faɗa masa da Hausa abin da aka ce.

Da aka fara karatun digiri daga gida ta intanet, Zainab, wata tela a Darmanawa mai 'ya'ya biyu, ta zo da kiredit takwas na jarrabawar sakandare. Ta karanta, ta kife, ta kasa faɗin abin da aka ce. Saura kwana huɗu a rufe rajista, ya ce mata ba bana ba. Mahaifinta, Alhaji Audu, ya taso daga Tarauni yana kaɗa takardar sakamako, yana tambaya ko an mayar da jami'a shagon nan ne.

"Alhaji, takardar ta ci jarrabawa, ban musa ba," in ji Malam. "Amma wannan karatun babu malami a gaban allo, babu na kusa da za a leƙa. Daga ita sai shafi."

Ta rasa shekarar. Wata tara tana zuwa shagon bayan la'asar yana koya mata karatun shafi, fuska a ɗaure, zare a jikin mayafi. Da ta shiga jami'ar, ba ta maimaita ko darasi ɗaya ba. Har yau takan ce ba ta yafe shekarar ba, tana faɗa tana dariya.

Watan jiya ya rufe shagon, ido ya gaji. Yanzu waya ce ke cike fom, ita kuwa ba ta yi wa kowa tambaya.

Kai ne, Malam, ka yarda a tsane ka shekara guda don kada mutum ya sha kunya shekara huɗu. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Masu shirya yara kuma, a daure a riƙa cewa "ba bana ba". Zagin ba ya kisa, ga Malam nan da ransa.