Askin da Na Yi wa Babana

Babana wanzami ne, shekara arba'in yana aski a kasuwar Boɗinga, amma bai taɓa barina na riƙe aska ba. Ina ƙarama, idan na miƙa hannu wajen zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, sai ya doke hannun ya ce, "Ɗiya mace ba ta taɓa wagga." Yayana kuwa har roƙonsa ake ya koya, ya ce shi albasa zai sayar. Ni da nake so aka kora, na koma kallo daga bakin ƙofa.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, na baro ɗakina a Danchadi na zo jinya. Juma'a shida bai je masallaci ba, ga shi yana iya takawa da sanda. Suma ce ta hana shi. Wanzami da kai buzu-buzu, ya ce gara a ce ya mutu. Bai kuma yarda wani wanzami ya gan shi a haka ba. Yayana ya taɓa gwadawa da reza a busasshen kai, ya yanke shi wuri uku, ya ajiye ya koma kasuwa.

Ran Alhamis da hantsi na ɗauko zabirar ban tambayi kowa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan da rabin bakinsa ya ce, "Ɗora ruwa."

Haka darasin ya fara, ina da shekara talatin da takwas. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Na jiƙa kan, na murza sabulun salo a tafin hannu har kumfa ta yi kauri kamar kindirmo, na yi ta cuɗa sumar. Na gaji na ɗauki aska, ya ce, "Aje. Gashi bai sha ba." Na ƙara cuɗawa sai da ya yi laushi. Na goga askar a fatar wasa aska, baya da gaba, kaifin yana bin baya. Ya ce in kwantar da ita, kar in tsayar, in ja fatar kai da babban yatsa, in bi inda gashi ya kwanta, kaɗan-kaɗan. Idan kumfa ta bushe in sake jiƙawa. Duk wannan na sani tun ina leƙe, kuma haushi nake ji yana faɗa mini kamar yau na fara ganin aska. Na gama ba ɗigon jini. Ya shafa kai da hannun hagu, ya shafa ƙeya.

Washegari yayana ya riƙe shi suka tafi masallaci. Da suka dawo na ji maƙwabcinmu a zaure yana tambaya, "Baba, wa yay yi ma aski haka?"

"Babban ɗana na," in ji shi.

Yayana ya karɓi yabon. Ina bayan zana da tuwo a hannu, na ji kamar in kife shi a ƙasa. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ran Asabar ga maƙwabcin da wani tsoho a ƙofar gida, wai sun zo ɗan wanzami ya aske su. Yayana ya ɓuya a ɗaki. Babana ya kira ni, ya rage murya.

"Ki koya mishi," ya ce. "Kar gidan ga ya ji kunya."

Na ce, "Baba, in dai aski suka so, su shigo in yi musu."

Ya juya fuska bango. Mutanen suka gaji da sallama suka tafi.