Yadda Datti Ya Ƙone Mangwaronsa

Kakana Datti mutumin Gafasa ne, amma in ka ce Datti kawai ba wanda zai gane, sai ka ƙara da mai mangwaro. Gajere ne, ga faɗa, ga son yabo. Gero da gyaɗa yana noma su kamar kowa, sai dai ransa na kan lambun da ya kafa a gefen fadama da dashe mai aure, wanda ya ɗauko daga Wudil a kan jaki. Mangwaron ba zare, ga zaƙi. Aibinsa ɗaya, ba ya jure tafiya. A tsinke shi lafiya lau, kafin mota ta kai Kano rabin kwando ya yi laushi ya fara baƙi. Datti ya dawo gida yana zagin direba.

Mahaifina Tukur malamin gona ne. An turo shi Ajingi a farkon shekarun saba'in, ya auri Hindatu, 'yar farin Datti. Tun ranar ɗaurin aure hira ta ƙare tsakanin mazan biyu. Ba faɗa suka yi ba, kunyar surukuta ce, kuma duka biyun sun riƙe ta fiye da kima. In Tukur ya hango Datti sai ya diro daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Datti ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Ita kuwa Hindatu, da yake ta fari ce, ko sunanta bai taɓa faɗa ba.

Wata shekara Tukur ya samo wani farin gari mai kama da gishiri. Ana jiƙa shi a fesa wa ganye da 'ya'yan mangwaro tun suna ƙanana, jikinsu ya yi ƙarfi, su daɗe bayan an tsinke. Ya tara manoma a ƙofar gidan dagaci yana bayani. Datti ya taho, ya ga mai maganar, ya juya abinsa. Shi ya fi kowa bukata, shi kaɗai bai ji ba.

Sai Tukur ya ba Hindatu garin da famfon feshi, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ita ba ta iya zama gaban ubanta, ta gaya wa uwarta Kubura. Kubura na kwashe tuwo ta ce wa mijinta, "Malam, wai a jiƙa a ruwa a fesa."

Awo ya faɗi a hanya, lokacin feshin ma haka.

Datti ya ɗauki abin kamar taki, in ka yawaita ka fi kowa. Ya cika mudu ya juye a garwar ruwa, ya goya famfo a baya da tsakar ranar bazara. Maƙwabtan lambu suka taru kallo, yana ta yi musu burga, wai bana mangwaronsa har Ikko zai je.

Kafin mako ya zagayo ganyen ya ƙone daga baki, ya naɗe, ya zube. 'Ya'yan suka yi tabo suka bi shi. Ƙananan bishiyoyin da ya fi ji da su ba su sake tohowa ba. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin gari ya koma bin bayan gidaje in zai tafi masallaci. Masu tsokana suka canza masa suna zuwa Datti mai itace. Kakata ta ce abin da ya fi cin sa ba asarar ba ce, burgar nan ce da ya yi a gaban mutane.

Haushin labarin nan nake ji har yau, kuma kunya nake ji in ana ba da shi a gabana, don ni jinin su biyun ne.

Da shekara ta zagayo sauran bishiyoyin suka yi fure, Datti ya yi abin da ba a taɓa ji ba. Ya tafi Ajingi da ƙafarsa ya yi sallama a gidan surukinsa. Tukur ya ji muryar, ya rasa inda zai sa kansa, ya laɓe bayan zana. Datti ya tsaya a zaure ya juya fuskarsa bango.

"Malam, garin nan, nawa ake zubawa a garwa?"

"Cikin gwangwanin madara ɗaya, Baba. Da sassafe ko da yamma."

Datti ya auna gwangwani da mudu a ransa.

"Ni mudu na zuba."

"Na gani, Baba."

"Ka gani?"

"Na zo dubawa ranar. Ina tsaye bayan shinge."

Ashe ya ga an cika mudun, ya ga an juye. Bakinsa ya kasa buɗewa ya ce wa surukinsa ba haka ake yi ba, ga mutane. Ya hau keke a guje don ya aiko da saƙo ta hannun Hindatu, kafin ya wuce ta hannun Kubura an gama feshi.

"Kana tsaye ka bar ni?" in ji Datti.

Mahaifiyata, da ke jin su daga tsakar gida tana goye da ni, ta ce sun daɗe a haka, wannan na kallon bango, wancan na kallon ƙasa.

Datti ya koma ya yi feshi da gwangwani, mangwaronsa ya kai Kano da ƙarfinsa, ya ci gaba da haka har tsufa ya zaunar da shi. Gurbin bishiyoyin da suka mutu bai yarda an sake dasa komai ba. Mahaifina kuwa ya gyara lambunan mutane da dama a ƙasar Gaya, amma har ya bar aiki, in hanya ta bi ta fadamar Gafasa, zagaye yake yi.